Kaskon Habibu

Na ga yadda ake koya wa yara zuwa bayan gida a ƙasashe da dama, kuma ban je inda manya ba su mai da abin shirme ba. A Landan, gidan 'yata, na tarar da jikana ya yi wayo har yana gyara mini Turanci, amma yana yawo da famfas kamar an ɗaura masa buhun gero a ƙugu. Uwar ta ce wai bai shirya ba tukuna, haka masana suka ce. Na tambaye ta ko masanan ne ke zuwa su wanke shi. A ƙasar Sin, inda muka riƙa zuwa sarin yadi, tsage wa yaro wando suke yi ta ƙasa, duk inda ta kama shi ya tsuguna. Su dai ba sa yaudarar kansu. Amma duk yawon da na yi, daga Kumasi har Jidda, ban ga shirmen da ya kai namu na Fagge ba lokacin ina yarinya, inda ake so uwa ta koya wa ɗanta tsabta ba tare da ta dube shi ba.

Gidanmu yana bayan Kantin Kwari, wajen da Kwarori, Larabawan Sham, ke sayar da yadi, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu su tafi. Maza biyu ne ke shiga da fita suna gyaran murya, mahaifina da ƙanensa Baffa Sule, amma mai gidan ta gaskiya kakarmu ce, Iya. Sana'arta suyar gyaɗa. Da an idar da magariba an sauke tukunyar tuwo, sai ta gaje murhun, ta ɗora tukunyar suyarta da yashi a ciki, ta zauna tana juyawa. Mu yara mu kewaye ta, don ɗumin wuta da kuma ƙonannun da take tsincewa ta jefo mana. A nan take yi mana tatsuniya.

Iya ba ta cikin kakannin nan masu taushin murya da ake ba da labari. Raini ne abincinta. Ta raina Turawa don suna cin abinci da ƙarfe alhali ga hannu Allah ya ba su. Ta raina mutanen cikin gari saboda taƙama, ta raina na Sabon Gari saboda hayaniya, ta raina 'ya'yanta saboda ta san su. Ba ta taɓa yin tatsuniya a banza ba. Kowace akwai wanda ake feɗewa a cikinta, kuma yawanci yana zaune a wurin yana cin tuwo. Mu dai dariya muke yi wa kura da biri, ba mu lura da babban da ya ajiye lomarsa ya tashi ba.

A shekarar da nake ba da labari ina wajen tara da haihuwa, kuma ni ce mai rainon Habibu, ɗan Baffa Sule da matarsa Inna Asabe. Habibu ɗan fari ne. Yaran yanzu sai an yi musu bayanin abin da wannan ke nufi a lokacin. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana duniya. In ya faɗi ya fasa baki, kau da kai za ta yi har wani ya ɗauke shi. Inna Asabe yarinya ce mai sanyin hali, kuma ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. "Yaron nan" take ce masa, in ta matsu ta ce "wannan." Matan unguwa har misali suke yi da ita.

Tun yana jariri, a ɗakinta, ta saba masa da ƙafa. Haka ake yi a da. Uwa ta zauna a kan 'yar kujera ta miƙe ƙafafu, ta ɗan ware su, ta ɗaga yatsu su zama majingina, a sa kasko da toka a ƙarƙashi, a ɗora yaro yana fuskantarta. Ta riƙe hannuwansa tana yi masa 'yar siririyar ƙara ta tsakanin haƙora har ya yi abin da zai yi. Kafin ya iya tafiya Habibu ya gane wannan sarai, zanen goyonsa ma ba ya ɓaci. Sai aka yaye shi, aka kwaso shi daga ɗakin uwarsa aka kawo ɗakin Iya, kamar yadda aka saba. Daga nan komai ya lalace.

Yaron nan ya ce shi ba ya hawa ƙafar kowa sai ta uwarsa. Na ɗora shi a tawa, ya zame ya gudu. Iya ta ɗora shi a tata, ya sandare kamar itace yana tsala ihu.

"Kai, wannan miji nawa," in ji Iya, "ba cefane, ba sutura, sai ɗoyi. Sauka, na sake ka."

Sai ya riƙe cikinsa ya yi ta riƙewa, har abin ya fi ƙarfinsa ya zo masa duk inda yake: a tabarmar baƙi, a ƙofar zaure, sau da yawa a bayana. Na sha wanke zanena a bakin rijiya ina kuka, ƙawayena na toshe hanci suna kirana amaryar Habibu.

Ni kaɗai na san cewa ba lalacewa ya yi ba. Da asuba, kafin gida ya tashi, nakan ɗauke shi in kai wa Inna Asabe a bayan madafa. Can za ta miƙe ƙafafu ta ɗora shi, ta dube shi ido cikin ido, ta faɗi sunansa a hankali kamar mai tsoron kada bango ya ji. Nan take zai yi, lafiya lau, har yana mata gwaranci. Sai ta wanke shi ta miƙo mini, ta ce, "Hansai, ba ki ga komai ba." Amma cikin yaro bai san asuba ba. Da rana gida cike yake da mutane, ita kuwa tana tuƙa tuwo tana kallon tukunya, tana jin ana cewa, "Yaro ya doshi uku bai san masai ba? Ai uwar ce ba ta iya komai ba."

Baffa Sule, wanda ke auna yadi a kantin wani Kwara kuma yake ganin hakan ya sa shi cikin wayayyu, ya ce shi zai kawo ƙarshen abin. Mutumin da bai taɓa sanin ta ina ake kama yaro a wanke shi ba. Yana da aboki, wani akawu Inyamiri a Sabon Gari, shi ya ba shi shawara. Lokacin ba a daɗe da yin wani faɗa tsakanin unguwannin biyu ba, mutane na ɗari-ɗari da juna, amma Baffa ya sa ni gaba da Habibu a baya muka tsallaka. Matar akawun, wata doguwa mai fara'a da Hausarta ta kasuwa, ta fito da wani farin kwano mai hannu ɗaya da shuɗin baki. Ta ce sunansa fo. Ta zaunar da ɗanta a kai don mu gani, tana tafi tana yi masa waƙa da yarensu, yaron na zaune kamar alƙali. Da aka zo kan Habibu, sanyin kwanon na taɓa shi ya daka tsalle ya maƙale mini a wuya. Matar ta dube ni ta dubi Baffa.

"Ina mama nasa? Mama nasa ne zai koya."

Baffa ya ce tana gida, ya sauya magana. A hanyar dawowa ya tsaya kasuwa ya sayi irin kwanon, ya rungumo shi kamar wanda ya samo maganin mutuwa.

Iya ta karɓa ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta leƙa ciki.

"Na miya ne ko na fura?"

Baffa ya yi mata bayani, har da cewa Turawa a ƙarƙashin gado suke ajiye shi.

"Wato mutum ya yi kashi a kwano, ya ajiye a ɗaka, ya kwana da shi. Shi ne wayewar? Sule, Allah ya ƙara maka ilimi."

Habibu ya kifa fo a ka ya yi yawo da shi na 'yan kwanaki, daga baya Iya ta mai da shi wurin ba agwagi ruwa.

Labarin ƙazantar Habibu ya bi bakin mata har ya shiga cikin gari, ya isa kunnen Gwaggo Dije. Gwaggo ita ce babbar yayar su Baffa, matar wani attajiri, mace mai jiki da ƙamshi, wadda kafin ta shigo gida turarenta ya riga ta yin sallama. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta mai da karɓar 'ya'yan dangi sana'a. Ta tara su a gidanta, ta yi musu ɗinki iri ɗaya, tana nuna wa baƙi. Wankansu da kashinsu kuwa na barori ne, ita ko majinar ɗaya ba ta taɓa share wa ba. Wanda ya tafi can sai da salla ake ganinsa, ya zo ya tsaya a tsakar gida yana kallon uwarsa kamar mai tallar da ta shigo. Gwaggo ta aiko cewa tunda an kasa, a haɗa wa Habibu kayansa, za ta zo ta ɗauke shi riƙo. Al'ada tana bayanta: ɗan fari na dangin uba ne. Baffa ya amsa da rawar jiki. Ba wanda ya tambayi Inna Asabe, don in ma an tambaye ta, abin da ake jira ta ce shi ne, "Ni ina ruwana da shi?"

Akwai mutum ɗaya da za ta iya hanawa, Iya, amma ita ma bakinta a ɗaure yake. Gwaggo ce 'yarta ta fari. Ita ma daga yaye aka kai ta riƙo cikin gari, can ta girma, can aka aurar da ita. Iya ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye. "Ta cikin gari" take ce mata, kuma ko suna zaune gwiwa da gwiwa, sai dai ta ce, "A gaya wa ta cikin gari kaza."

Gwaggo ta iso wata Alhamis da la'asar cikin farar shadda mai sheƙi, za ta kwana ta wuce da yaron da safe. Da aka yi magariba aka shimfiɗa mata darduma kusa da murhu. Ta ɗauki Habibu ta ɗora a cinya, ta cika masa hannu da alewa, tana cewa, "Gobe war haka kana gidan mutane." Baffa na zaune a tabarma daga gefe yana washe baki. Inna Asabe tana can bakin madafa inda hasken wuta bai kai ba, ta ja kallabi ta rufe rabin fuska, tana kankare tukunyar da ta riga ta fita tas. Ƙullin kayan Habibu na ajiye a ƙofar ɗakin Iya. Ni ce na ƙulla.

Iya ta zuba gyaɗa a yashi, ta juya, ta juya. Sannan ta ce, yadda ta saba farawa, "Ga wata nan ta shigo ba sallama."

Muka ce, "Ta samu wuri ta zauna."

Ta ce wata kyanwa ce ta haifi ɗa guda, ɗan fari. Kyanwar nan mai kunya ce ta ƙin ƙarawa. In za ta ɗauke shi, a wuya take kama shi kamar tsumman goge tukunya, ta kau da kai. In dabbobin gida na nan, ko lasarsa ba ta yi. Sai babu kowa take jan shi bayan rumbu ta nuna masa yadda ake tona rami, a yi, a rufe, a sansana, a ƙara rufewa. Amma da rana ba mai nuna masa inda zai tona, sai ya yi a bakin ƙofa. Rannan sai ga agwagwa.

Iya ta ajiye ludayin suya ta kwaikwayi tafiyar agwagwa da kafaɗu, muka fashe da dariya.

"Tana tafe tana rangaji, fari fat, gashi na ɗaukar ido. Bayanta kuwa, duk taku sai ta ajiye shaida. Ta ce, 'Wannan ƙazanta har ina? Ni da nake wanka tun safe har yamma, a ba ni shi in koya masa tsabta.' Tsohuwar akuya ta ce, 'To wannan da kika zubar a hanya fa?' Agwagwa ta ce, 'Wannan aikin masu shara ne.'"

Gwaggo ta gyara zama. "Iya, wannan ba tatsuniyar yara ba ce."

Iya ta dubi wuta. "A gaya wa ta cikin gari ba da ita nake ba. An taɓa ganin agwagwa da shadda?"

Ta ci gaba. Ta ce zakara, wanda bai taɓa kwanciya a kan ƙwai ba amma shi ne mai gida a bakinsa, ya hau turmi ya yi cara ya ce ya amince. Aka juya ga kyanwa aka ce, ke fa? Kyanwa ta yi shiru tana lasar hannu tana kallon bango, ita a dole mai kunya. Agwagwa ta sa ɗan kyanwa gaba har bakin kududdufi, ta faɗa ruwa, ta ce masa, "Yi yadda nake yi." Ya bi ta. Ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ɗago kai yana kuka, bai san ina ne tudu ba. Kyanwa na kan katanga tana gani. Ta san in ta kira sunansa sau ɗaya zai juyo wajen muryarta ya fito. Amma akwai mutane.

Iya ta tsaya ta tsince wata ƙonanniyar gyaɗa. Ba ta jefo mana ba, ta jefa a wuta. Ba wanda ke dariya yanzu.

"Agwagwa ta dawo ita kaɗai, ta karkaɗe jiki, ta ce yaron ne ba ya jin magana. Dabbobi suka taru suka yi ta yabon kyanwa, suka ce tunda aka kafa gidan nan ba a taɓa mai kunya irinta ba. Kyanwa ta ɗauki yabon nan a baki ta kai ɗaka, ta kwanta, ta ba shi nono. Ya ƙi kamawa. Shi ya sa har gobe in kuka ji kyanwa a kan katanga tana kuka kamar jariri, sunan nan ne take kira, yanzu da babu mai amsawa. Na ajiye ta nan, mai ita ya ɗauka."

Ƙarar kankarar tukunya ta daina fitowa daga bakin madafa.

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, ni kuwa idona na kan Habibu, don na ga abin da na sani. Ya daina tsotsar alewa. Ya yi tsit, ya ƙanƙame yatsun ƙafa, fuskarsa ta tattare, yana waige-waige cikin duhu. Alewar Gwaggo ta sauka. Na san saura ƙiris, kuma a kan farar shaddar nan zai sake. In ya yi, magana ta ƙare: ga shaida a gaban kowa cewa uwar ta kasa, da safe sai cikin gari.

Sai muka ji ana jan kujera. Inna Asabe ta fito da 'yar kujerarta har tsakiyar haske, gaban surukarta, gaban mijinta, gaban yayar mijinta. Ta zauna ta miƙe ƙafafu.

"Hansai, miƙo kasko."

Na ruga na ɗauko. Habibu na kallonta bai motsa ba, don bai taɓa ganinta haka a cikin mutane ba. Ta miƙa hannu, bai zo ba. Ta yi masa 'yar ƙarar nan, bai zo ba. Sai ta ture kallabin daga fuska.

"Habibu."

Muryar ta fito kamar ƙarar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake, da ƙarfi har maƙwabta suka ji.

"Habibu, zo nan."

Ya sulale daga cinyar Gwaggo ya sheƙo. Ta ɗora shi, ta riƙe hannuwansa, ta dube shi kamar ba kowa a duniya. Gidan ya yi shirun da kowa ya ji saukar abin a kasko. Da ya gama ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, shi a dole ya yi abin kirki. Kuma ya yi. Ta ɗauki buta ta wanke shi a nan inda take, ta goge shi da bakin zanenta, ba ta miƙo mini shi ba. Ta ɗora shi a cinya.

Gwaggo ta yi salati ta tafa hannu. "Sule! Abin da kake aure ke nan? A gaban uwarka? Sunansa gatsal, kamar mai kiran ɗan maƙwabta?"

Baffa ya rasa inda zai sa ido. "Yaya, ki yi haƙuri, wallahi ban san—"

"Riƙe haƙurinka. Ni ba zan kai jinin marar kunya gidan Alhaji ba, ya je ya lalata mini yara."

Tana faɗa tana shafa cinyarta tana duba shaddar a hasken wuta. Na tabbata a ranta ta auna tazarar da ke tsakanin kayanta da abin da ke cikin kaskon, ta ga ba ta kai tsawon hannu ba. Tarbiyyar yaranta ta zo mata a kan gaɓa.

Muka juya ga Iya. Ni a wautata na ɗauka za ta yi guɗa. Ta kwashe gyaɗarta a faifai, ta tofar da yawu gefe.

"Tir. Matan yanzu. Hansai, kwance ƙullin nan, tsummokaran na tare mini ƙofa."

Gwaggo ta tafi da sassafe ko koko ba ta sha ba. Habibu ya zauna. Tunda uwar ta riga ta zubar da abin da take tattali, sai ta riƙa ɗora shi a ƙafa da rana tsaka, kafin damina ta faɗi yana zuwa masai da kansa da 'yar butarsa. Abin da aka yi ta kai ruwa rana a kansa, har da tsallakawa Sabon Gari, ashe kalma ɗaya ce maganinsa.

Amma ta biya. Baffa ya ɗauki lokaci ba ya cin tuwonta, wai ta kunyata shi. Iya da kanta ta bi gidajen unguwa tana ba da labari tana riƙe haɓa. Matan Fagge suka laƙaba mata suna, Maman Habibu, don su ce ta zama 'yar Sabon Gari, inda ake kiran mace da sunan ɗanta na fari ta amsa tana dariya. A wurinsu babu zagin da ya fi wannan. In ta shiga gidan biki sai a fara zunɗe, wata ta ɗaga murya ta ce, "Maman Habibu, ina kwanan Habibu?" a kwashe da dariya. Matar akawu da labarin ya kai mata ta kasa gane inda zagin yake, ta aiko mata da sabulu. Yau jikokin masu zunɗen nan su ne ke rubuta Maman wane a allon shagunansu da manyan baƙaƙe, ba wadda ta san an taɓa hana wata zama a tabarmar biki a kan haka.

Na daɗe ina ɗauka da agwagwa Iya take a wannan tatsuniya. Sai da na haifi nawa ɗan farin a Kumasi, cikin mutanen da ba ruwansu da kunyarmu, na kama kaina ina kau da kai daga jaririna a ɗakin da babu kowa sai ni da shi, sannan na gane. Agwagwa ba ta jin tatsuniya, Iya ta san haka. Kyanwa take yi wa. Kuma a duk Fagge ba wadda aka yaba da kunya kamar Iya, ga sakamakon yabon zaune a kan darduma yana kiran wata mata can cikin gari uwa. Ban ce wannan ya sa na ji tausayinta sosai ba. Ta tura yarinya ta biya abin da ita ta ƙi biya, sannan ta shiga sahun masu yi mata dariya don kada a ce da hannunta. Na ga irin wannan a manyan kowace ƙasa da na zauna: su nuna maka ƙofa da ido, in ka fita su ce ba su san ka ba.

Shekarun baya, da na dawo Kano, na je Fagge gaida Inna Asabe. Ta tsufa, ido ya yi rauni, tana zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Sai ga Alhaji Habibu ya shigo, babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari, gemu ya fara fari, babbar riga tana jan ƙasa. Ya zauna ya kama faɗa. Wai matar ɗansa ba ta da kunya, a gabansa ta ɗauki ɗanta na fari tana sumbata tana kiran sunansa kamar wata Baturiya. Wai tarbiyya ta ƙare, kuma shi ya yanke shawara da an yaye yaron za a kawo shi gidansa a riƙe, ya tashi cikin mutunci. Ya yi ta zuba, ni ina kallon mutumin da na sha wanke zanena saboda shi. Da ya gaji ya yi mana sallama ya fita, ƙamshin turarensa ya tsaya a baya.

Inna Asabe ta ja carbi ɗaya, biyu. Sannan ta juyo da fuska wajen da take jin numfashina.

"Hansai."

"Na'am, Inna."

"Da na san abin da zai zama ke nan, da na bar shi ya ɓata shaddar."